Babbar Tsirkiyar da Na Cire

Gwadabawa, Jimeta.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Hamma,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka ka sauka Jos lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya, da direba mai gyangyaɗi, da masu tare mutane a daji. Na cusa ta a aljihun jakar jitarka inda kake ajiye waya, don na san nan hannunka zai fara shiga. Ka san halinmu, uba ba ya zaunar da ɗan fari ya yi masa dogon zance. Ko sunanka ban taɓa kira ba, na fake a bayan ƙannenka ina cewa Hamma kamar yadda suke faɗa. Shi ya sa na bari sai da ka tafi masallaci na zauna na rubuta.

Za ka shiga ƙungiyar makaɗa a garin da ba a san ubanka ba, ka zuge jaka ka fito da jitar bes mai tsirkiya uku. Za su yi maka dariya, kuma suna da gaskiya, don bes ba ta kasa huɗu. Tun kana ƙarami kake tambayata ina babbar tsirkiyar, ta sama, mai kaurin nan. Na ce maka ta tsinke. Na ce babu irinta a kasuwar Jimeta. Wata rana ma na ce manyan gwanaye ba su damu da ita ba, Allah ya yafe mini wannan. Ba ta tsinke ba, ni na cire ta da hannuna, kuma ba na so ka fara sana'a a kan labarin da ba gaskiya ba.

Amma bari in fara daga wautata ta ƙuruciya, don ita ta share hanyar sauran.

A wurin wani tela mutumin Garwa na koyi bes, kowa Misyo yake kiransa. Lokacin ina ƙaramin akawu, kakanka kuma malami ne a cikin garin Yola, don haka a shagon Misyo jitar take kwana a bayan buhun ƙyalle. Shi ya sa mini son kiɗan makosa. Kaset yake kawowa daga Kamaru, mu zauna mu yi ta mayar da shi baya har sai na kama abin da mai bes yake yi. Da hannuna ya faɗa, sai girman kai ya shige ni. Na gaji da tsayuwa a baya kusa da mai ganga, ana kallon mawaƙi ana yi masa liƙi, ni ko sannu ba a ce mini. Na sa kafinta ya ƙera mini akwatin sifika wanda sai ƙarti sun taru suke ɗora shi a bayan a-kori-kura. Oga Emeka, shugaban ƙungiyarmu, mai fiyano, wanda ka sani da shagon kayan lantarki, da ya gan shi sai ya raɗa masa suna akwatin gawa. Muka yi dariya, sunan kuma ya zauna.

Ranar da na fara fita da shi, liyafar biki ce a wani otel. Na murɗe murya har ƙarshe. Kofuna suka riƙa tafiya da kansu a kan tebur, uwar ango ta aiko a ce wai haƙorinta na ciwo. Ni kuwa ina ta washe baki, na ɗauka yau an san da ni. Misyo yana wurin, da aka tashi ya ja ni gefe ya ce bes ba da kunne ake jin ta ba, da ciki da ƙirji ake ji, kuma duk wanda ya shiga cikin mutum ba sallama ɓarawo ne. Na ji maganar, amma ban riƙe ta ba. Kai ka riƙe. Ka sa idonka a ƙafar dama ta mai ganga, inda ya taka nan za ka sauka. Idan mutane suna rawa ba su san dalili ba, to ka yi aikinka.

Wauta ta biyu, fushi. Mu uku ne ginshiƙin ƙungiyar: Emeka, da ni, da Bitrus mai ganga, mutumin can wajen duwatsu, arewa da Mubi. Emeka ba ya ganin kiɗa sai hailaif na garinsu, Bitrus ya fi son rege da waƙoƙin coci, ni kuma in ba makosa ko kiɗan Kwango ba, gani nake ɓata lokaci ne. Kullum muna cikin musu. Wata Asabar aka ƙi saka waƙar da nake so, na yi zuciya na ƙi zuwa wasa, ina gida ina jira a zo a ba ni haƙuri. Ba wanda ya zo. Emeka ya kaɗa bes ɗin da hannunsa na hagu a kan fiyano, aka yi biki aka watse, ko mutum ɗaya bai tambayi ina nake ba. Washegari ni na kai kaina. Don haka in an ce a kaɗa abin da ba ka so, kaɗa shi da kyau kamar kai ka zaɓa, ka ajiye makosarka sai ka koma ɗaki.

To, yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro.

Kana firamare lokacin da garuruwan arewacin jihar nan suka fara faɗawa hannun mutanen daji, motoci suna shigowa Jimeta cike da mata da yara da katifu. Biki ya yi ƙaranci, amma muna haɗuwa mu yi gwaji a ɗakin bayan shagon Emeka, don kada hannu ya mutu. Wata rana da la'asar sakaliya muka tsaya cin abinci. Na jingina jitar a jikin akwatin ban rage murya ba, abin da Misyo ya sha hana ni. Muna zaune a ƙasa, hannu cikin kwano, ba wanda yake kusa da ita. Sai babbar tsirkiyar ta yi magana. Ba ƙara ba ce, wani gurnani ne daga can ƙasa, kamar bijimi yana nishi a bayan katanga. Na ɗaga kai na ga tsirkiyar tana rawa ita kaɗai. Bitrus ya buɗe baki zai yi magana, sai muka ji dum daga wajen kasuwa, ƙurar silin ta zubo mana cikin miya.

Ba zan ba ka labarin abin da muka gani a titi ba. Daga baya wani malamin kimiyya ya gaya mini cewa girgiza ta fi saurin tafiya ta ƙasa a kan ta iska, shi ya sa jitar ta riga kunnenmu ji. Na yarda da shi. Sai dai yardar ba ta hana ni aikata wauta ta uku ba: na ɗauko jitar da akwatin na kawo gida, na mai da su maigadi. Duk sanda aka kawo wuta sai in jona, in jingina ta, in murɗe murya, in bar ta tana sauraron gari. Ka tuna ƙugin nan da ke tashi a falonmu, wanda ƙanwarka take cewa akwai ƙudan zuma a bango? Shi ne. Tirela ta wuce, ta yi gurnani, in kora ku ɗaki. Hadari ya taso, ta yi gurnani, in kora ku ɗaki. Innarka ta ƙyale ni, don kowa a lokacin da irin haukarsa.

Sai wata rana bayan azahar, rana tsaka, gari shiru. Tsirkiyar ta fara gurnani, kuma wannan karon ba ta tsaya da wuri ba, ta yi ta yi kamar ana jan ta da baka. Na tura ku ƙarƙashin gado na tsaya ina jiran ƙarar da za ta biyo baya. Ba ta zo ba. Na leƙa waje, ba mota, ba hadari, sai akuyar maƙwabta tana cin kwali. Na kunna rediyo, ba labari. Tsikar jikina ba ta kwanta ba har na yi sallar la'asar.

Da safe Bitrus ya zo ya zauna a bencin ƙofar gida, bai ko gaishe ni ba. Ya ce jiya bayan azahar aka shiga garinsu, waya ba ta shiga, bai san inda uwarsa da ƙanwarsa Rifkatu suke ba. Garin nasu tafiyar rabin yini ne a mota, babu girgizar da za ta zo daga can ta taɓa tsirkiya a Gwadabawa, ko malamin kimiyya ba zai ce haka ba. Wataƙila wutar lantarki ce ta yi wasa. Wataƙila wani abu ya wuce ban gani ba. Ni dai ban sani ba, har yau ban sani ba. Abin da ya kamata in yi shi ne in kama bakina. Sai na gaya masa abin da tsirkiyar ta yi a daidai lokacin.

Daga ranar Bitrus ya mai da falonmu wurin zama. Ya tashi daga aiki ya zo, ya zauna a ƙasa gaban jitar, wayarsa a cinya, ya ƙura wa babbar tsirkiyar ido. Ba ya cin abin da aka kawo masa. In ya shigo, gaisuwarsa ɗaya ce:

"Malam Sa'adu, ya yi magana yau?"

In na ce a'a, sai ya sauke ajiyar zuciya, wai ke nan suna da rai. In tirela ta wuce ta yi gurnani, sai in ga leɓensa yana motsi yana addu'a. Mutum mai hankali, mai iyali, na mai da shi haka da kalma ɗaya. Innarka ce ta raba mu da abin. Ta shigo wata rana ta fizge wayar akwatin daga bango, ta ce gidanta ba gidan boka ba ne, wanda yake son labari ya tambayi Allah. Hamma, kayan kiɗa kayan kiɗa ne. In ka ajiye jita ka rage muryarta har ƙasa, ka zare waya, ka mai da ita jaka. In kuma ka ga wani abin da ba ka gane ba, kada ka kai shi wurin mutumin da zuciyarsa take rataye.

Bayan wasu watanni aka ga Rifkatu a sansanin Malkohi cikin 'yan gudun hijira. Da ƙafa ta iso, ta bi ta duwatsu. Uwarsu ba ta iso ba, kuma Rifkatu ba ta taɓa faɗin inda suka rabu ba. Da kaka ta yi, wani saurayi ɗan garinsu da ke zaune a can ya nemi aurenta. Bitrus ya zo da murna, karo na farko da na ga haƙoransa tun da abin ya faru, ya ce yana so mu je mu yi musu kiɗa, mutanen nan sun manta yadda ake rawa. Emeka ya ce shi zai kawo janareta da mai. Ni kuma na ce zan zo da akwatin gawa, don fili ne, ƙaramar sifika ba za ta kai ba. Emeka ya dube ni ya ce:

"Malam, abeg, wannan akwati naka bar shi gida. Mutanen nan ya ga wahala."

Na ce ai don sun ga wahala ne zan girgiza musu ƙasa su warware. Da kyakkyawar niyya na faɗa, wallahi.

Mun isa da hantsi. An share fili ƙarƙashin bishiyoyi, an jera benci, mata sun yi kwalliya da abin da suka samu, yara sun kewaye mu suna taɓa wayoyi. Rifkatu tana zaune cikin farar riga ta aro, ƙawayenta suna gyara mata ɗankwali. Aka tayar da janareta. Kowane mai bes in zai gwada sifika da babbar tsirkiya yake farawa, a sake, ba a danne ba; hannu ne yake zuwa da kansa. Na murɗe murya, na sa babban yatsa na buge ta sau ɗaya.

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Filin nan gaba ɗaya ya kwanta. Tsofaffi, mata masu goyo, yaran da yanzun nan suke dariya, kowa ya zube rubda ciki, iyaye sun danne 'ya'yansu sun toshe musu baki. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ba wanda ya yi ihu. Ko jariri bai yi kuka ba. Mutane cike da fili, ba abin da ake ji sai janareta da sauran gurnanin tsirkiyar yana mutuwa a hankali, ni kaɗai a tsaye da jita a wuya. Na ce musu kiɗa ne, gwaji ne, amma ba wanda ya motsa. Da aka fara ɗago kai ɗaya bayan ɗaya, sai aka ga bencin amarya ba kowa.

Maza suka bazu cikin gonakin dawa suna kiran sunanta. Ina nan tsaye kamar an dasa ni, sai wata tsohuwa ta taso tana kakkaɓe zaninta, ta zo ta ɗora tafin hannunta a jikin akwatin, ta daɗe a haka. Ba ta yi mini faɗa ba. Da Hausarta ta mutanen dutse ta ce:

"Ɗana, wannan shi ne yana zuwa kafin su zo. Ba a kunne ba. A nan." Ta dafa ƙirjinta. "Wane ne ya yi shi cikin wayoyin nan?"

Na nuna mata. Ta ce in ba ta. Na kwance tsirkiyar a gabanta, ta karɓa ta naɗe ta kamar mai naɗe maciji, ta ƙulle a bakin zaninta ta tafi. Ban san sunanta ba, ban san abin da ta yi da ita ba, kuma ban sake ganinta ba ko a wurin cin abinci.

Sai da rana ta yi sanyi aka samu Rifkatu a cikin wani kwazazzabo, ta duƙunƙune, hannayenta biyu a kan bakinta, farar rigar ta zama ja da ƙasa. Da ƙyar Bitrus ya ɓamɓare hannun. An ɗaura auren a ranar, a hankali, kamar ana zaman makoki. Bitrus ya roƙe ni in ɗan kaɗa ko yaya, na kaɗa da tsirkiya uku, can ƙasa-ƙasa, wasu tsofaffi suka ɗan motsa kafaɗa. Bai taɓa ɗora mini laifi ba. Amma daga ranar ƙafarsa ba ta ƙara taka babbar ganga da ƙarfi ba, ƙungiyar kuma ta yi ta raguwa har ta mutu ba tare da wani ya ce a watse ba.

Darasin nan da tsada na saye shi, kai karɓe shi kyauta. Kafin ka jona waya, ka tambayi su wa za ka yi wa kiɗa, daga ina suka zo. Jos ma gari ne da ya ga abubuwa. Ka fara gwaji da ƙaramar tsirkiya, murya a ƙasa, ka riƙa ƙarawa kana duban fuskoki, ba yatsunka ba.

Saura wauta ta ƙarshe, wadda ta fi duka, don kai ta shafa. Da ka nuna kana son jitar, na koya maka a yadda take, na bar ka ka girma kana zagaye ramin da na haƙa. Hannunka ya fi nawa, wannan ba yabon uba ba ne, Emeka ma ya faɗa. Amma duk kiɗanka a sama yake, siriri, kamar mai tafiya da sanɗa a gidan da ake jinya. Na lura in ka kunna waƙa a wayarka sai ka rage bes, kai da kake mai bes. Kwanakin baya muna zaune a ƙofar gida wata mota ta wuce da manyan sifiku, na ga kafaɗunka sun haɗe, wuyanka ya shige ciki. Kai ba ka je Malkohi ba, ba ka ga titin kasuwa ba. Tsoron nan ba naka ba ne, nawa ne, a ƙarƙashin gado na ba ka shi. Ranar na ji baƙin ciki irin wanda ban ji ba tun rasuwar kakanka.

Na so in gyara kafin ka tafi. Shekaranjiya na je shagon Emeka na ce ya ba ni babbar tsirkiya. Ya ɗauko ya ajiye a kan kanta. Na tsaya ina kallonta a cikin ledarta, a naɗe, hannuna ya ƙi zuwa. Na sayi wayar jonawa na fito, ita ce sabuwar da ka gani a jaka. Kuma bari in gaya maka abin da Innarka kaɗai ta sani: ni har yanzu ina jin ta. Ba jita a jone, ba wuta, ina zaune bayan azahar sai in ji gurnanin ya taso mini ta ƙirji. Likita ya ce hawan jini ne, ya ba ni ƙwaya, ina sha. In ya zo sai in yi shiru in jira ƙarar da za ta biyo baya, ba ta zuwa, sai in tashi in yi alwala.

Don haka kai za ka saya. Kafin ka je wurin makaɗan nan, ka nemi shagon kayan kiɗa ka sa a ɗaura maka ita. Za ta yi maka baƙunta, yatsanka zai yi kanta, ƙirjinka zai buga ranar farko. Ka ci gaba da bugawa har ta zama tsirkiya kawai. Ba ita ta shiga garin su Bitrus ba, ba ita ta tashi kasuwa ba. Sauti ne Allah ya halitta kamar sauran, kuma shi ne yake ɗauke da kiɗan duka, ni shaida ne na ga yadda yake tayar da gurgu rawa a zamanin lafiya.

Ina da roƙo ɗaya. In ka zo hutun Sallah, ka zo da jitar da tsirkiya huɗu. Akwatin yana nan a ɗakin ajiya, zan sa a fito da shi a kakkaɓe. Za mu gaya wa maƙwabta tun da wuri don kada a firgita kowa. Ka jona a tsakar gida da rana, in zauna a kujerata, ka buga mini babbar, a sake. Ina so in ji ta daga hannun ɗana, in ga yatsan da ya taɓa ta, in san daga inda ta fito. In ka ga na zube ƙasa na rufe kai, kada ka tsaya, kada ka zo ɗaga ni. Ka ci gaba da kaɗawa har in tashi da kaina.

Innarka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa sa rigar sanyi. Ka tsare sallarka ko a bayan dandali ne. Allah ya kare ka a tafiya da zama, ya haɗa ka da abokan kiɗa masu tsoronsa, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya dawo mana da kai muna raye.

Wassalam.

Babanka,
Sa'adu